Labulen da Yaya Rabi Ta Ɗinka

Shekara tara ke nan da muka raka Yaya Rabi makwancinta. Duk shekara idan watan ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in tara iyali a yi mata addu'a, a raba waina a unguwa, kowa ya kama gabansa ba. Ban taɓa kawo sunanta jarida ba, don na san da tana nan cewa za ta yi, "Garba, ba ka da aikin yi ne?" Bana dai na kasa yin shiru. A noman ranin da ya wuce, a gonata ta tumatir da ke tsakanin Kura da Bunkure, maganin feshi ya kusa kashe Nasiru, mijin 'yata, kuma abin da ya so ya hana a cece shi ni ne. Ban yi masa komai ba. Tsayuwata a wurin kawai ita ce matsalar, domin ni surukinsa ne. Abin da ya fitar da mu a ranar, Yaya ce ta koyo shi da fatar jikinta a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, ta kawo mana shi har bakin fangalin shukar gonata.

Ga wanda bai san ta ba, Rabi'atu sunanta, ita ce babba a ɗakinmu, ni nake bi mata. Doguwa ce, mai murya, ba ta iya raɗa ba. Idan ta ce za ta gaya maka sirri a zaure, to na cikin gida ma sun ji. Ta karanta ilimin sinadarai, ta yi aikinta duka a ɗakin gwaje-gwaje na ɗaya daga cikin jami'o'in Kano, inda ake haɗa ruwaye masu ƙuna da masu guba don karatu da bincike. Tana aure a wajen Kumbotso, amma da wuya wata ya wuce ba ta leƙo mu ba. Ni kuwa malamin firamare ne da ya ajiye alli ya koma noman rani. Likitar kwalabe nake ce mata don tsokana, ita kuma ta ce min sarkin taɓo.

Akwai tabo a jikinta, daga gefen wuya zuwa damtsen dama, wanda in ba ɗan gida ba ba wanda ya taɓa gani. Tana ɗaliba ta same shi. Wata rana suna aiki, ta yafa mayafi a kan farar rigar aiki, wani ɗalibi ya juyo da kwalbar asid a hannu suka yi karo. Asid ne irin na batirin mota, amma wanda ba a sirka ba. Ya zubo mata a kafaɗa, mayafin ya shanye shi. A kusurwar ɗakin akwai shawar gaggawa, wadda ake jan sarƙa ruwa ya kwararo wa mutum daga sama, kuma kowa a ɗakin ya san ƙa'idar: ka shiga ƙarƙashinta, ka tuɓe duk abin da sinadarin ya taɓa, ruwa ya yi ta zuba a kanka. Malaminsu ya yi ta ɗaga murya yana cewa ta cire mayafin. To amma ɗakin cike yake da maza, shawar kuma tana tsaye a fili, ko ƙyalle babu a gefenta. Yaya ta ƙanƙame mayafin a wuyanta, ta fita da gudu ta nufi banɗakin mata da ke can ƙarshen ginin. Kafin ta isa, yadin ya riga ya kama fata.

Sau da yawa ta sha nuna min yadda ta yi a ranar. Sai ta kai hannu biyu wuyanta, ta dunƙule su a ƙarƙashin haɓa, ta ce, "Ka gani? Haka. Asid ya yi nasa, Garba, amma fiye da rabin tabon nan kunya ce ta yi shi."

Kawunmu Malam Isiyaku, mai makarantar allon ƙofar gidanmu, ya je duba ta a asibiti. Ya yi mata nasiha cikin tausayi, ya ce addini bai ɗora wa kowa ya ƙone don ya rufe jiki ba, rai ne a gaba. Ina zaune a wurin ta amsa masa. Ta ce, "Kawu, na san haka tun kafin in shiga ɗakin. Amma da abin ya faru, ba karatu ne ya faɗo min a rai ba, idanun mutane ne." Kawu ya jinjina kai. Ni a lokacin ban gane nauyin maganar ba, na ɗauka raɗaɗin ciwo ne yake sa ta mayar wa babba da magana.

Daga baya na fahimci cewa a kan gadon asibitin nan ta yanke shawarar da ta rayu a kanta. A ganinta, ɓata baki ne ka ce wa ɗan ƙasar nan ya ajiye kunya idan ta ɓaci. Ba zai ajiye ba. Tun yana rarrafe ake ɗura masa ita, ba kuwa a cikin firgici zai yar da ita ba. Abin da ya rage shi ne a yi wa kunyar wuri tun kafin ranar ta zo.

Saboda haka da ta kama aiki, abin da ta fara yi shi ne ɗinkin labule. Ta sayi yadi mai kauri, ta zo gida ta hau keken ɗinkin Innarmu, ta sa mai walda ya lanƙwasa mata ƙarfe, ta je ta zagaye shawar ɗakinsu da shi. A gefe ta kafa ƙusa ta rataye jaka, a ciki akwai zane da hijabi, da jallabiyar maza, da tawul da sabulu. Ta kuma ajiye durom mai murfi da bokiti, don ta san famfon Kano yana da ranakun da ba ya magana da kowa. Duk Litinin da safe sai ta ja sarƙar nan ta tabbatar ruwa yana zuwa. Abokan aikinta suka sa wa kusurwar suna ɗakin amarya. Ba ta damu ba. Ta ce su yi ta tsokana, muddin dai kowa ya san hanyar ɗakin.

Na taɓa ganin yadda take karɓar sababbin ɗalibai, ranar da na kai mata shinkafar gida. Kafin su taɓa ko kwalba ɗaya, sai ta tsayar da su ta yi musu gwaji. Ta ɗebi ruwan famfo a kofi, ta watsa wa wata yarinya a hijabi, ta daka tsawa ta ce, "Asid!" Yarinyar ta ruga ƙarƙashin shawa, mata biyu suka bi ta suka ja labule. Maza kuwa an riga an gaya musu aikinsu: kowa ya juya baya ya fice, ɗaya ya tsare ƙofa kada wani ya shigo, ɗaya ya ruga asibitin makaranta da sunan sinadarin a bakinsa. Ni ina tsaye da buhuna ina kallon ikon Allah, sai na ji muryarta a kaina: "Kai ma namiji ne, waje!" Haka aka kore ni tare da 'yan aji ɗaya, suna ta dariya. Da aka dawo sai ta juya abin, aka watsa wa namiji, mata suka fita. Wani yaro mai baki ya ce, "Anti, ai in da gaske ne gara mu tsaya mu taimaka." Ta harare shi ta ce, "Fitar da ka yi ita ce taimakonka. Muddin kana ciki ba za ta tuɓe ba."

Tana da sauran dokoki, kuma ba ta sassauta ko ɗaya. Ba a shiga ɗakinta da silifa. Hijabi a cusa shi cikin farar riga, kada ya yi lilo kusa da wuta ko bakin kwalba. Ba a cin ko gyaɗa a ciki. Kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, guba ce har sai an tabbatar. Abin da ya faɗa ido ko fata kuwa, ruwa, ruwa, ruwa, aƙalla rubu'in awa, ko da mutum ya rantse ya daina jin zafi. Amma duk cikin dokokin nan, na labule ne nata na kanta. Sauran a littafi ta same su.

Gida ma ba mu tsira ba. Wata Asabar ta zo ta tarar na dawo daga feshi, na ɗauraye hannu da ruwan buta, na zauna zan ci tuwo da rigar feshin a jikina. Ta zo ta ɗauke kwanon daga gabana kamar ina ɗan yaye. Ta ce abin da suke kullewa a kabad a jami'a, suna sa safar hannu da tabarau kafin su taɓa, ɗan'uwansa nake goyawa a bayana da singileti. Ban san fata tana shan magani ba sai a ranar. Na ɗauka sai abin da ya bi ta baki ne yake kisa.

Washegari ta tasa ni a gaba har gona. A ƙarƙashin mangwaron da ke kusurwa ta sa na kafa zana, na zagaye wuri daidai tsayuwar mutum biyu. Aka kawo durom aka cika, aka ajiye moɗa da sabulu, aka rataye buhu da tsofaffin kayana a ciki, da ledoji na sawa a hannu tunda ba mu da safa. Na ce mata ga kanal ɗin ban-ruwa nan kwance, me za a yi da durom? Ta ce kanal ba nawa ba ne ni kaɗai, a ƙasa akwai masu wanka da masu shayar da shanu, kuma wane magidanci ne zai tuɓe a bakin kanal mutane suna wucewa? Ta ƙara min da abu biyu, ta sa na maimaita kamar ɗan aji: wanda magani ya kama ba a ɗura masa manja ko nono, kuma kwalbar maganin tare da ita ake tafiya asibiti. Maƙwabtan gona suka ga zana, suka sa mata suna banɗakin Hajiya.

Hawan jini ne ya yi ajalinta, irin wanda ya ɗauki Innarmu. Ta yi jinya ta 'yan makonni, Allah ya karɓi abarsa. A zaman makoki na ji ana ƙus-ƙus wai sinadaran da take shaƙa ne suka cinye ta. Da tana ji da ta tashi ta yi musu bayani dalla-dalla, don ba abin da ta tsana kamar a faɗi abin da ba a auna ba. Na yi kuka a ranar irin wanda ban yi wa kowa ba. Ita ce ta goya ni, ita ce ta raka ni makaranta ranar farko, kuma ita kaɗai ce a duniya take ɗauke min kwanon tuwo in ƙyale.

Bayan rasuwarta ban bar zanar ta faɗi ba. Duk bayan damina nakan sake sabuwa, in wanke durom, in canza sabulun da ɓera ya ci. Ba don na yi imani wata rana za ta yi amfani ba ne, a'a, muryarta ce ba ta barin kunnena. Shekara da shekaru amfanin wurin bai wuce canza kaya bayan feshi ba, sai kuma akuyoyin mutane da suke samun inuwa.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yadda muke yau. Magani ya fi na zamaninta yawa da ƙarfi, kusan kowane lungu akwai mai sayarwa. Har yanzu ana tsiyaya shi a gorar lemo a ba mutum ba suna ba komai, har yanzu za ka ga galan ɗin maganin ciyawa ya zama abin ɗiban ruwan sha a bukkar gona. Na san waɗannan za su ɓata mata rai, amma ba za su ba ta mamaki ba. Abin da zai tayar mata da hankali shi ne waya. A zamaninta idanun da ke cikin ɗaki kawai mutum yake jin kunya. Yanzu in ka faɗi a hanya, kafin a samu mai ɗaga ka an samu mai ɗaukar hotonka, kuma kowa ya san haka. Wanda a da zai daure ya tuɓe a gaban mutum biyar, yau ya san duk garin ne zai gani.

To, ga abin da ya faru a gonata. Tsutsar nan mai cin ganyen tumatir ta sauka mana, mai yi min feshi kuma ya tafi biki Madobi. Nasiru ya ji labari a bakin matarsa. Tela ne a Kura, bara ya auri 'yata, wadda na sa wa sunan Yaya muke kiranta Amira, kuma a lokacin tana da tsohon ciki. Ban aika masa ba. Da sassafe kawai na gan shi a gona ya naɗe ƙafar wando, ya ce ya zo ya kama min. Yaro ne mai kunya ta fitar hankali. Bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa haɗa ido da ni ba, daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa. Na ji daɗi ƙwarai. Na shimfiɗa buhu a gindin mangwaro, dattawa biyu maƙwabtan gona suka zo muka zauna, ina ta nuna musu shi da haɓa, su ga irin surukin da Allah ya ba ni.

Abin da ban sani ba shi ne murfin famfon feshin yana yoyo. Tun tankin farko maganin yake bin bayansa, rigar ta jiƙe sharkaf. Da ya zo haɗa na biyu kuma, kwalbar ta suɓuce ta zubo masa a cinya, tsantsarsa ba sirki. Habu, abokinsa da yake noma gonar da ke jikin tawa, ya gaya min daga baya cewa ya hango shi ya share da hannu ya ci gaba. Nasiru ya san da zanar, Amira ta ba shi labarinta. Amma zanar tana gindin mangwaro, mu kuma muna zaune a bakinta. Kafin ya shiga sai ya ratsa ta gaban surukinsa da dattawa biyu da jiƙaƙƙen wando, ya kuma faɗi da bakinsa cewa ya zubar da maganin Baba. Sai ya zaɓi ya daure.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da na ga ya tsaya a tsakiyar fangali, ya dafa gwiwa, ya fara amai. Muka ruga. Gumi yana zuba daga jikinsa kamar an kwara masa ruwa, yawu yana dalala, numfashinsa yana wani gurgur, warin magani kuwa tun daga nesa ya tare mu. Nan da nan mutanen gonakin kusa suka taru. Wani ya ce a kawo manja, wani ya ce ga masu nono can a kan hanya a kira su. Na ce ba wanda zai ɗura masa komai. Na kama hannun rigarsa na ce, "Nasiru, tuɓe rigar nan da wandon, maza!"

Sai ya kai hannu biyu wuyan rigar, ya dunƙule su a ƙarƙashin haɓa. Ya ce, "Baba, ba komai, jiri ne kawai." Idonsa yana ƙasa.

Na san hannayen nan. Yaya ta nuna min su ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na gane cewa yaron nan zai mutu a cikin rigarsa kafin ya tuɓe ta a gabana, kuma duk tsawar da zan ƙara yi masa ƙara ƙanƙame ta zai yi. Na sake shi.

Na ce, "Habu, sa leda a hannunka, ka kai shi bayan zana. Komai ya fita daga jikinsa. Ka wanke shi da sabulu tun daga kai, ka yi ta zubawa har durom ya ƙare. Akwai kaya a buhu." Na ɗauki kwalbar na jefa a leda. Na juya ga sauran na ce kowa ya bi ni titi, wanda na ga ya ɗaga waya kuwa ni da shi ne. Ɗaya daga cikin dattawan ya riƙe ni ya ce, "Haba Malam Garba, a wannan halin za ka bar yaron?" Na ce, "Malam, don halin da yake ciki ne za mu tafi." Sannan na ɗaga murya yadda na tabbatar zai ji, na ce, "Nasiru, mun tafi titi neman mota! Ba kowa a nan sai Habu!"

A rayuwata ban yi tafiya mai nauyin wannan ba. Daga gonata zuwa titi ba wani nisa ba ne, kullum nake bin hanyar ba na ma sanin na bi, amma a ranar kowace ƙafa sai na roƙe ta take ɗagawa. Zuciyata tana ce min in waiwaya. Ina tunanin Amira a gida da cikinta, ina tunanin in ta tambaye ni ina nake lokacin da mijinta ya cika, in ce mata ina tafiya na ba shi baya. Wa zai fahimci wannan? Ina cikin haka sai na jiyo ƙarar moɗa tana bugun durom, na jiyo ruwa yana zuba a ƙasa, ya sake zuba, ya sake zuba. Ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Hawaye suka zubo min, na ci gaba da tafiya ban juya ba.

Allah ya haɗa mu da motar da ta ɗauko tumatir za ta kasuwar Kwanar Gafan. Direban, Allah ya saka masa, ya sauke kwandunan baya a gefen titi ba tare da ya tambayi ko na wane ne yaron ba. Na kira Habu a waya na ce, "Kun gama?" Ya ce durom ya ƙare, ya sa masa jallabiyata. Sai a lokacin muka koma. Aka kwantar da shi a gefensa a bayan mota, Habu yana riƙe da kansa, ni na shiga gaba na kafa ido a kan kwalta har Kura.

A asibiti likita ya karɓi kwalbar ya karanta, bai ɓata lokacin tambayar wane irin magani ba ne, ya shiga yi masa allurai. Da hankali ya ɗan kwanta ya fito ya same ni a baranda, ya tambayi wanda ya ce a tuɓe shi a wanke shi. Na ce yayata. Ya ce a gode mata, don da an kawo shi a cikin kayan nan, ko an ɗura masa wani abu yana wannan numfashin, da labarin ya canza. Na ce za a gode mata. Ban gaya masa inda take ba.

Nasiru ya yi kwanaki a kwance, ya tashi. Bayan an sallame shi na ji ina son ganin labulen, na shirya na tafi jami'ar. Ɗakin yana nan, an yi masa fenti. Labulen Yaya kuwa babu shi, an sa wani na roba, shuɗi, kuma na leƙa ɗakin da ke kusa na ga shi ma da irinsa. Jaka tana rataye a ƙusa. Wata matashiya mai farar riga, hijabinta a cushe a ciki, ta zo ta tambaye ni ko ina neman wani. Na ce mata wa ya fara sa labulen nan? Ta ce, "Wallahi Baba ban sani ba, haka muka tarar. Ai ko'ina haka ake yi, ko?" Na ji wani abu ya soke ni, na buɗe baki zan ba ta labari tun daga farko. Sai na tuna mai labulen, na san abin da za ta fi so ke nan, a ɗauka haka duniya take tun asali. Na yi wa yarinyar godiya na fito.

Idan na auna abin da Yaya ta bari, ba shi da yawa a ido. Ba ta bar gini ba, ba a sa wa ko aji ɗaya sunanta ba, yadin da ta ɗinka ma ya tsufa an yar. 'Ya'yanta suna nan, Allah ya raya su. Bayan su sai wannan fahimta guda da ta tsaya a kanta har ta koma ga Allah: mutanenmu ba sa rabuwa da kunyarsu ko a bakin mutuwa, don haka mai son ceton su sai ya ceto su tare da ita. Maƙwabtan da suke ce wa zanata banɗakin Hajiya, bana uku daga cikinsu sun kafa tasu. Ni kuma na matsar da wurin zamana daga gindin mangwaro, na koma can ɗaya kusurwar, inda mai shiga bayan zana ba sai ya bi ta gabana ba.

A wajen addu'ar bana, bayan an shafa an fara rabon waina, Amira ta same ni a zaure da jaririnta a baya. Ta ce akwai abin da ba ta gaya min ba. Ranar da Nasiru ya farfaɗo a asibiti, kafin ya nemi ruwa, kafin ya tambayi lafiyar cikinta, abin da ya fara cewa shi ne, "Baba ya gan ni?"

Ta ce, "Na ce masa ba ka gan shi ba. Baba, gaskiya na faɗa masa?"

Na ce, "Gaskiya kika faɗa."

Muna cikin haka sai ga shi ya iso. Tun daga bakin ƙofa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa can nesa inda ya saba, ya gaishe ni kansa a sunkuye. Na amsa ina kallon wani wuri, kamar yadda na saba. Ga shi nan da ransa, ga shi da kunyarsa, bai rasa ko ɗaya ba. Ke kam, Yaya, sai da aka sa ki zaɓi ɗaya. Allah ya jiƙanki, ya suturta ki kamar yadda kika suturta 'ya'yan mutane.